Ƙarya Sananniya da Gaskiya Mai Cutarwa: Labarin Hasashe, Waƙa da Tarihin Kai a Ma'aunin Shari'a, da Misalai daga Ƙasar Rogo da Ƙaraye

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi nau'o'in rubutu uku da mujallun adabi na intanet suka saba jerawa a wuri guda: labarin hasashe, rubutacciyar waƙa, da tarihin kai. Ta lura cewa yawancin masu yi wa matasa nasiha suna tuhumar na farko domin ƙirƙira ne, suna sakin jiki da na uku domin gaskiya ne. Ta yi amfani da ayyuka biyu masu alaƙa da ƙasar Rogo, da magabatansu a adabin Larabci, domin nuna cewa nauyin shari'a ya fi sauka a kan tarihin kai, kuma iyakar labarin hasashe tana wurin gaibun da wahayi ya riga ya yi magana a kansa.

1.0 Gabatarwa

Wata ɗaliba daga yammacin Kano ta kawo mini rubutu biyu da take son aika wa wata mujallar adabi ta intanet. Na farko gajeren labari ne na wata yarinya da ta farka bayan shekara ɗari, ta tarar ruwan madatsar Challawa ya ƙafe, mutanen Ƙaraye suna sayen raɓa da mudu. Na biyu labarin ƙuruciyarta ne a gidan mahaifinta, da abin da ya gudana tsakanin mahaifiyarta da abokiyar zamanta. Ta ce ta nuna wa wani malami a garinsu, ya hana ta na farko domin ƙarya ne, ya yarje mata na biyu domin babu abin da ta faɗa wanda bai faru ba. Da na karanta su, sai na ga na farko bai taɓa mutuncin kowa ba, na biyu kuwa ya ambaci mace mai rai da sunanta, ya jingina mata abin da ba za ta iya fitowa ta kāre kanta a kai ba.

Ban kawo wannan don aibata malamin ba. Fatawarsa ta fito ne daga wani zato da ya daɗe a ƙasar Hausa. Rupert East, wanda ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 daga Zariya, ya bayyana irin wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai su rubuta abin da suke ɗauka aikin mata da yara ne. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, mutumin maƙwabtan Ƙaraye. Zaton bai mutu ba: a 2007 an ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Yau kuma rubutun ya bar kasuwar littattafai ya koma cikin waya, inda babu mai iya ƙona shi. Tun da aka kafa mujallar Omenana a 2014 domin labaran hasashe na Afirka da Ingilishi, matasanmu suke ganin irin wannan rubutu suna gwada shi da Hausa. Saboda haka malamin addini yana bukatar ma'aunin da ya fi tambayar ko abu ya faru ko bai faru ba.

2.0 Mece ce Ƙaryar da Shari'a ta Hana?

Ƙarya a wurin malaman luga da na fiƙihu ita ce ba da labarin abu saɓanin yadda yake. Illarta ita ce mai sauraro ya tafi da abin da ba haka ba yana zaton haka ne. Idan mai magana da mai sauraro sun riga sun san cewa abin da ake faɗa misali ne, to wannan illa ba ta samu ba. Bahaushe ya gane haka tun kafin boko. Tatsuniya tana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", tana rufewa da cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya. Waɗannan kalmomi shinge ne da ake kafawa domin yaro ya san ya shiga wata duniya, ya kuma san lokacin da ya fito. Maikuɗi Ƙaraye na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi nazarin tatsuniyoyin Gizo a ilmance, kuma duk wanda ya bi irin wannan nazari zai ga tsari ne mai ƙa'ida da al'umma ta yarda da shi.

A zaurukanmu ma ana karanta ƙagaggen labari ba tare da an kira shi da sunan ba. Maƙamatul Hariri, wanda ɗalibin luga yake durƙusawa a gaban malami ya karanta, maƙamomi hamsin ne na Abu Zaidin Saruji da mai ba da labarinsa Harisu ɗan Hammamu. Hariri (ya rasu 516H/1122M) ya san za a tuhume shi, shi ya sa a gabatarwarsa ya kafa hujja da labaran da ake sa wa a bakin dabbobi domin koyarwa, ya kuma mayar da al'amarin ga niyya. Ƙarni tara ke nan malamai suna yi wa littafin sharhi. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito na narkon azaba ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya shi ne hujjar masu hanawa, kuma hujja ce mai nauyi. Sai dai abin da ya fi bayyana shi ne yana magana kan wanda yake gabatar da ƙirƙirarsa a matsayin abin da ya auku. Wanda ya rubuta "ƙagaggen labari" a saman shafinsa ya fita daga wannan siffa.

3.0 Labarin Hasashe da Iyakar Gaibu

Abin da nake nufi da labarin hasashe shi ne wanda ya ɗora gininsa a kan abin da ba ya cikin al'adar rayuwa: tafiya cikin taurari, zamanin da bai zo ba, ko duniyar da dokokinta suka saɓa wa tamu. Hausa ba baƙuwa ba ce a nan. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, inda yaro Kilba ya yi tafiya a sararin samaniya. A Larabci kuwa Ibnu Ɗufail (ya rasu 581H/1185M) ya ƙaga Hayyu ɗan Yaƙzana, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri har hankalinsa ya kai shi ga sanin Mahalicci. Irin wannan hasashe fili ne buɗaɗɗe, domin wahayi bai ba da labarin tsibirin ba, bai kuma faɗi yadda Ƙaraye za ta kasance bayan shekara ɗari ba. Labarin ɗalibata yana nan. Tambaya ce ta "da a ce", kuma manomin rani da ke shan ruwan Challawa zai amfana da jin ta.

Matsalar tana farawa ne idan hasashe ya shiga inda wahayi ya riga ya yi magana: kabari, barzahu, mala'iku, Aljanna da Wuta. A nan littattafai biyu na magabata sun isa su nuna mana hanya biyu. Harisul Muhasibi (ya rasu 243H/857M) ya rubuta Kitabut Tawahhum, inda yake umartar mai karatu ya sawwara kansa yana cikin magagin mutuwa, yana kwance a kabari, yana tsaye a filin hisabi. Hasashe ne tsantsa, amma kayan gininsa nassi ne, kuma wanda ake hasashen a kansa shi ne mai karatun. Abul Ala'il Ma'arri (ya rasu 449H/1057M) kuwa, a Risalatul Gufran, ya ɗauki abokin wasiƙarsa Ibnul Ƙarih ya zaga da shi lahira, yana sanya mawaƙa sanannu wasu a Aljanna wasu a Wuta, yana sa musu magana a baka. Gwanintar harshensa ba ta da abokin gardama, amma ya yanke hukuncin da ba nasa ba a kan mutanen da aka sani da sunayensu, kuma wannan yana cikin abin da ya ƙara wa masu tuhumar aƙidarsa ƙarfi.

Da wannan ma'auni za mu dubi Bai Kai Zuci Ba, gajeren labarin da ya zo na ɗaya a gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC a 2017, shekara guda bayan fara gasar. Marubuciyarsa ita ce Maimuna Idris Sani Beli, kuma Beli sunan gari ne a ƙasar Rogo. Labarin ya tsayar da mai karatu a matsayin matar da ta bar duniya, sannan ta waiwayo ta ga yadda gidanta ya kasance bayanta. Sunan labarin ya riga ya faɗi abin da ta tarar: kukan da aka yi ranar rabuwa bai yi zurfi ba a zuciyar da ta fi sa rai da ita.

Wanda ya tsaya a zahiri zai ce wannan ya ci karo da ayoyi na 99 da 100 na Suratul Mu'minun, inda aka bayyana cewa mamaci yana roƙon a mayar da shi duniya a ƙi masa, kuma akwai shamaki a bayansa har ranar tashi. Wannan tuhuma tana da gurbi, ba a kuma kawar da ita da cewa ai adabi ne. Amma a dubi inda idon labarin yake kallo. Abin da ya dame shi shi ne tsakar gida da ɗakin da aka bari da 'ya'yan da aka bari. Mutuwa taga ce kawai da aka buɗe domin a ga masu rai. Ta wannan fuska ya fi kusa da Muhasibi, domin duk macen da ta ji shi kanta take sawwarawa, duk mijin da ya ji shi kansa yake tuhuma.

Akwai kuma abin da labarin ya taɓo wanda wa'azinmu bai cika taɓawa ba. Shari'a ta ɗora wa matar da mijinta ya rasu takaba ta wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta nuna, ba ta ɗora wa namiji irin wannan ba, kuma a cikin haka akwai hikima. Sai dai rashin wajabcin takaba bai sauke wa namiji nauyin cika alkawari ba. Buhari ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, yana yanka akuya yana aika wa ƙawayenta. Labarin da ya sa magidanci ya tambayi kansa ina matsayinsa daga wannan sunna ya yi aikin da mai wa'azi zai yi alfahari da shi.

Inda nake da gyara shi ne ga masu bin wannan sawu. Da yawansu suna kai jaruminsu lahira, su siffanta abin da ba su da nassi a kai, su sa wa mala'ika magana, sannan a layin ƙarshe su ce ashe mafarki ne. Ba na ganin hadisin Buhari na wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba, za a kallafa masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, ya hau kan mafarkin jarumin hikaya, domin marubucin bai ce shi ya gani ba. Amma mafarki ba ya wanke abin da aka riga aka zuba a zuciyar yaro game da siffar kabari ko tambayar Munkar da Nakir. Ta fuskar adabi ma, farkawa daga barci ta zama ƙofar gudu ga wanda ya kasa kammala labarinsa. Sharuɗɗan da nake gani uku ne: kada a sa wa Allah ko annabi ko mala'ika maganar da ba ta zo ba, kada a yanke wa wani sananne makomarsa, kada kuma a gina labarin a kan ƙaryata abin da nassi ya tabbatar.

4.0 Waƙa a Tsakani

Waƙa ba ta bukatar dogon bayani, domin ƙarshen Suratus Shu'ara ya zargi mawaƙa da faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya togace masu imani da aiki nagari. Ka'abu ɗan Zuhairu ya buɗe ƙasidarsa a gaban Annabi da begen Su'adu bisa al'adar mawaƙan Larabawa, ba a kuma ce masa ya yi ƙarya ba, domin kowa a wurin ya san salon. Mawaƙanmu na wa'azi, daga Gangar Wa'azu zuwa Imfiraji na Aliyu Namangi, sun sawwara mutuwa da hisabi irin yadda Muhasibi ya yi. Abin lura a waƙoƙin da matasa ke fitarwa yanzu shi ne kalmar "ni". Mai karatu ba ya sanin ko mawaƙiyar ce take kuka da mijinta ko murya ce ta aro. A ƙaramin gari wannan duhu yana mayar da waƙa habaici, kowa ya san wa ake nufi alhali ba a ambaci suna ba. Idan ta kai nan, hukuncinta ya koma na sashe mai zuwa.

5.0 Tarihin Kai da Haƙƙin Wanda Ba Ya Nan

Ƙasar Rogo tana da hannu a ɗaya daga cikin fitattun tarihin kai na matan Afirka. Baba, wadda aka haifa wajen 1877, ta tashi a Karo kusa da Zarewa, a iyakar Kano da Zazzau. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna a Giwa ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, daga baya aka fitar da shi da Hausa. A cikinsa akwai rinji da zaman bayi, da harin masu kama mutane, da zuwan Turawa, da aurenta huɗu ba tare da haihuwa ba, da riƙon 'ya'yan dangi, da bori, da abin da mata suke faɗa wa juna idan maza ba sa nan. Tarihin sarakuna bai adana mana ko ɗaya daga cikin waɗannan ta bakin mace ba. Wanda ya ce a rufe wannan ƙofa ya yi wa ilmi asara, kuma Gazali (ya rasu 505H/1111M) da kansa ya rubuta labarin ruɗewarsa da shiriyarsa a Almunƙizu minad Dalal.

Amma a lura da yanayin da maganar Baba ta fita. Ta rasu a 1951 kafin littafin ya bayyana. An buga shi da harshen da mutanen Zarewa ba sa karantawa, a birnin da ba za su je ba, kuma da yawa daga waɗanda ta ambata sun riga ta tafiya. Nisan wuri da na harshe da na zamani sun zama labule. Rubutun ɗalibata ba shi da ko ɗaya. Idan ya fita da la'asar, kafin isha'i yana cikin wayoyin unguwarsu, matar da aka ambata tana zaune a ɗakinta, 'ya'yanta suna makaranta ɗaya da masu karantawa.

A nan gaskiyar labari ba ta zama kariya ba, ita ce ma take tabbatar da laifin. Hadisin Muslim ya fassara giba da ambaton ɗan'uwa da abin da yake ƙi, ya kuma bayyana cewa idan abin yana tare da shi to an yi gibarsa, idan babu an yi masa ƙage. Mai tarihin kai yana tsakanin waɗannan biyu a duk shafin da ya ambaci wani da aibi, domin ƙwaƙwalwar ƙuruciya ba shaida ce adila ba. Idan kuma aibin kansa yake tonawa, hadisin Buhari da Muslim game da masu bayyana zunubin da Allah ya rufa musu yana jiransa. Salon tarihin kai da muke kwaikwayo daga Turai da Amurka yana auna darajar rubutu da yawan abin da aka fallasa, kuma wannan ma'auni ba namu ba ne.

Wannan ba ya nufin wanda aka zalunta ya yi shiru. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta togace shi, Nawawi (ya rasu 676H/1277M) kuma ya lissafa wurare shida da ambaton aibi yake halatta, ciki har da kai ƙara da neman fatawa da gargaɗin Musulmi daga cuta. Sai dai yawancin waɗannan magana ce zuwa ga wanda zai iya gyara, gwargwadon bukata. Hadisin Ummu Zar'in ya nuna wata mafita: mata goma sha ɗaya sun siffanta mazajensu, wasu da yabo wasu da suka, Nana A'isha ta ba Annabi labarin bai hana ta ba. Daga abin da masu sharhi suka ciro, kuma Alƙali Iyal ya keɓe wa hadisin littafi guda, akwai cewa ambaton aibin wanda ba a san ko wane ne ba ba ya zama giba. Ke nan abin da ya halatta labarin shi ne ɓoyuwar mutanen cikinsa. Da ɗalibata ta ɗauki zafin da ta gani a gidansu ta zuba shi a ƙagaggen labari, ta canza gari da suna da kama, da ta faɗi gaskiyar kishi da raunin 'ya'ya ba tare da ta ci naman kowa ba. Shawarar da na ba ta ke nan.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tambayar ko abu ya faru ba ta isa ta raba halal da haram a adabi ba. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: shin mai karatu ya san irin rubutun da ke hannunsa, shin an taɓa gaibun da wahayi ya keɓe, shin akwai mai rai ko mamacin da aka ci mutuncinsa. Da wannan ma'auni labarin hasashe yakan tsira sau da yawa, tarihin kai kuma yakan bukaci gyara.

Ana ba editocin mujallun adabi shawarar su riƙa rubuta nau'in kowane aiki a samansa, kamar yadda tatsuniya take kafa shingenta, su nemi mai ilmin aƙida ya duba abin da ya shafi lahira, kuma kada su buga tarihin kai sai an nemi yardar waɗanda aka ambata ko an ɓoye su ɓoyewa ta haƙiƙa. Sassan nazarin addinin Musulunci kuma su sa Kitabut Tawahhum da Hayyu ɗan Yaƙzana da labarin Baba cikin abin da ɗalibai ke karantawa, domin wanda zai yi fatawa a kan rubutun matasan Rogo da Ƙaraye ya kamata ya san cewa magabata sun riga su shiga wannan fage. Allah ne mafi sani.